Nasiha ga 'Yata Likita Mai Sha'awar Bincike

   

Labari ya iso mini cewa kina cikin tunani. Kin shiga horon ƙwarewa a sashen mata da haihuwa, kin fara sanin zafinsa. Ga shi kuma zuciyarki ba ta bar maganar bincike ba. Kina son ki duba marasa lafiya da hannunki. Kina kuma son ki bi diddigin cutukan da ke kwantar da su, ki gano abin da ba a kai ga ganowa ba. Wasu daga cikin manyanki sun ce miki taura biyu ba ta taunuwa. Kada ki riƙe su a zuci. Tausayinki ne ya sa suka faɗa, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Zauna, mu warware zancen sannu a hankali.

Mu fara da lissafi, don mai tafiya ya kamata ya san nisan hanyarsa. Shekara 6 a makarantar likitanci. Shekara 1 ta sanin makamar aiki. Shekara 1 ta bautar ƙasa. Sai jarrabawar share fage, sai horon ƙwarewa na shekara 5 ko 6 a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwarorinta na Afirka ta Yamma. In babu yajin aiki, babu jiran gurbi, babu maimaita jarrabawa, kin doshi shekara 14 ke nan. Digirin digirgir kuma, in kin nufe shi, zai nemi nasa shekaru 3 ko 4. A cikin waɗannan shekarun ne ake aure, ake haihuwa, ake goyo, iyaye kuma suke tsufa. Ba don in tsorata ki na jero su ba. So nake ki shiga da idonki a buɗe.

Kada kuma ki ɗauka mu kaɗai abin ya dama. A Amurka, tun 1964 hukumar binciken lafiya ta ƙasarsu, NIH, ta buɗe shirin da ke haɗa wa ɗalibi karatun likita da digirin digirgir a tafiya ɗaya, wanda kan ci kimanin shekara 8. Duk da haka, a 1979 wani babban likitansu, James Wyngaarden, ya yi rubutu yana kukan cewa likita mai bincike na neman ɓacewa. Har gobe, yawancin likitocinsu masu bincike sai sun haura shekara 40 da haihuwa suke samun babban tallafin bincike na farko da sunansu. A Ingila akwai gurbin horon da ake yanke wa matashin likita kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa, a ce wannan na bincike ne, kada kowa ya taɓa. Masu kuɗi da kayan aiki ke nan. Mu nan, ba kasafai wani zai yanke lokaci ya miƙo miki ba. Ke za ki nema, da dabara da ladabi.

To, ga maganar da nake so ki ƙulle a haɓar zaninki. Ki bar tambayarki ta fito daga bakin gadon mara lafiya, sannan ki ba kowane aiki lokacinsa. In tambayar da kike bi daga can ta fito, zagayen safe ma yana ƙara miki sani a kanta, karatun dare kuma yana ƙara wa marasa lafiyarki sauƙi. Wahala tana ninkuwa ne idan bincikenki ya yi gabas, marasa lafiyarki suka yi yamma.

Kin san matar da zan kwatanta miki, don na tabbata kin karɓi irinta. Wata biyu ko uku da haihuwa. Ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ba ta iya kwanciya miƙe, sai an jingina ta da matashi biyu ko uku. Tana magana tana hutawa a tsakiyar kalma. Mahaifiyarta na gefe rungume da jinjiri, tana cewa, "Wallahi likita, lafiya lau ta haihu." Kin saurari bayanta, kin ji ruwa a huhu. Kin ɗaga kan gado, kin rubuta allurar da za ta sa ta fitsari, kin kira likitocin zuciya, kin yi gaba, don layi na jiran ki. Wannan aikin likita ne, kuma mai lada ne. Amma in dare ya yi kika kasa barci kina cewa, "Me ya sa wannan ciwo ya fi yawa a matanmu?" to kin taka ƙofar bincike ke nan.

A shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi wannan tambayar. Dakta Davidson da Farfesa Eldryd Parry suka bibiyi mata sama da 200 masu wannan ciwon zuciya na bayan haihuwa, suka fitar da sakamakonsu a 1978. Suka zargi kunun kanwa saboda gishirin da ke cikinsa, da zafin wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kakanninki da suka dafa mana ruwan wanka ba cutar da mu suka nufa ba, abin da suka sani suka yi. Shekara da shekaru haka ake koya wa ɗalibai. Sai ga Farfesa Kamilu Ƙaraye, likitan zuciya a Kano, ya sake ɗauko tambayar. Ya haɗa kan asibitoci a sassan Nijeriya, suka yi rajistar mata sama da 400. Sakamakon da suka buga a 2020 bai ga alaƙa tsakanin ciwon da waɗancan al'adu ba. Abin da ya fito shi ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wani aikin nasa kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin da yawa daga cikinsu. Kin gani, tambaya ɗaya ta haura shekara 40 ana binta, har yanzu da sauran aiki. Na baya bai raina na gaba ba, a kan aikinsu ya ɗora. Dukansu kuma suna cikin aikinsu na yau da kullum suka tsince ta.

Akwai abin da za ki iya farawa tun gobe, ba sai da izinin kowa ko kwabon kowa ba. Ki gyara rubutunki a fayil. Wata rana ki leƙa ɗakin ajiye kati ki gani. Fayiloli jibge har rufi, an ɗaure wasu da igiya, ƙura ta lulluɓe su, gara ta ci gefen wasu. Ki zaro ɗaya. An rubuta magani, ba a rubuta awon jini ba. An rubuta ranar kwanciya, babu ranar sallama. Ba a san ko ta warke, ko ta rasu, ko 'yan'uwa sun ɗauke ta sun koma gida ba. Wanda ya rubuta ba sakarai ba ne. Gajiya ce da yawan jama'a. Amma ranar da wata ƙanwarki za ta zo neman waɗannan fayiloli don ta gano me ke kashe mata a asibitin, da yawansu ba za su amfane ta ba. Wahalar waɗancan matan ta wuce ke nan ba ta koya wa kowa komai ba.

Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata ɗan Jihar Ribas, ya yi aiki a Zariya. Daga 1976 zuwa 1979, shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a asibiti, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, har haihuwa 22,774. Ƙashin bayan aikin takarda ne da biro da naci. Da aka buga shi a 1985, duniya ta ga a fili yadda matan da ba su zuwa awo, da 'yan matan da ba su gama girma ba, suka fi shiga haɗari wajen haihuwa, da yadda karatun mace ke rage haɗarin. A 1987 aka ƙaddamar da gangamin duniya na kare rayukan masu haihuwa a Nairobi, aikin Zariya kuwa yana cikin abubuwan da suka buɗe idon mutane. Duk layin da kika cike da kyau a fayil, 'yata, jari ne kika ajiye.

Yanzu mu zo kan rabon lokaci, don nan gizo ke saƙa. Kin ga yadda mahaifiyarki ke girki da tukunya biyu a murhu. Takan tura itace ƙarƙashin ta tuwo, ta janye na miya, can kuma ta juya. Ba ta hura wa duka biyun wuta lokaci guda, ba ta kuma barin garwashin ɗaya ya mutu. Haka za ki yi.

Shekarun farko, kafin ki ci jarrabawar kwaleji ta kashi na ɗaya, na koyon hannu ne. Ki koyi gane naƙudar da za ta iya jira da wadda ba za ta iya ba. Ki koyi tarbar mai jijjiga ba tare da jikinki ya yi rawa ba. Ki tsaya kusa da manyanki a ɗakin tiyata har ki san inda hannunsu zai nufa kafin ya nufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki yi tunanin abin da zai biyo baya in aka yi sakaci a nan. Ƙarfe uku na dare, mace na zubar da jini, ke ce babba a wurin, ungozomomi sun zuba miki ido. Takardun da kika buga a mujalla ba za su ɗaure jijiya ba. Sannan in abokan aikinki suka lura kina zamewa daga kol, wato aikin kwana, da sunan bincike, kina bar musu nauyi, ba za su ce miki komai ba. Amma ranar da kike buƙatar su taya ki tattara bayanai, za ki ga jikinsu ya yi sanyi. Ba ƙeta ba ce, halin ɗan Adam ne. Ki riƙe rabonki na aiki cif-cif, har ki taimaka wa wanda ya gaza. Za ki ci moriyar hakan wata rana.

A wannan lokacin, ɗan kaɗan ya ishi bincike. Ki ajiye ƙaramin littafi a aljihun farar rigarki. Duk abin da ya ɗaure miki kai a zagaye, ki rubuta shi a layi ɗaya, ba tare da sunan mara lafiya ba. Bayan wata shida ki duba. Za ki ga wata tambaya tana ta dawowa. Ita ce taki. Ki ware awa biyu a mako, rana ɗaya tsayayya, ki karanta rahoton bincike guda daga farko har ƙarshe, ki tambayi kanki yadda aka zaɓi mutanen da aka gwada, da abin da aka manta. Ki fara koyon ƙididdiga kaɗan-kaɗan. Akwai manhajoji na kyauta irin R, ba sai kin sayi komai ba. In kin ci karo da wata lalura da ba a saba gani ba, ki rubuta rahotonta tare da babban likitanki. Wannan ya wadatar. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

In kin shiga kashi na biyu, kwaleji da kanta za ta nemi kundin bincike daga gare ki. Da yawa suna ɗaukarsa shinge ne da za a tsallake a huta. Sai su zaɓi batun da ya fi sauƙi, wanda an yi shi sau goma, su canja sunan gari kawai. Ban ga laifinsu ba, gajiya ta yi musu yawa. Amma ke da kike da buri, wannan kundin shi ne harsashinki. Ki ɗauko tambayar nan ta cikin ƙaramin littafinki. Ki je wajen masanin ƙididdiga tun kafin ki taɓa mara lafiya ko ɗaya, ya gaya miki mutum nawa kike buƙata. Ki miƙa takardunki ga kwamitin ɗa'a da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya. In kin gama, kada ki bar shi a kabad ya sha ƙura. Ki tsamo rahoto daga ciki ki aika wa mujalla mai mutunci.

Bayan kin zama cikakkiyar ƙwararriya, lokacin juya itace ya yi. A nan ne digirin digirgir yake da amfani, don zai koya miki abin da ɗakin haihuwa ba ya koyarwa: yadda ake tsara gwaji, yadda ake zargin sakamakon da ya yi wa mutum daɗi, yadda ake neman tallafi. A Amurka, tallafin da NIH ke ba matasan likitoci masu bincike yakan gindaya sharaɗin su ba binciken kashi 75 cikin 100 na lokacinsu. Dalili a fili yake. Tunani mai zurfi ba ya yiwuwa a minti ashirin tsakanin tiyata da tiyata. Ki zauna da shugaban sashenki, ki nemi ranakun da za a san ba kya asibiti, a rubuta a takarda. Amma ki riƙe ranar ganin marasa lafiya ko da ɗaya ce a mako, ki riƙe ranar tiyatarki. Likitar da ta bar asibiti ɗungurungum, bayan 'yan shekaru hannunta yakan yi nauyi, tambayoyinta kuma su fara fitowa daga littafin wasu. Wadda kuma ta ce, "Bari in zauna da gindina tukuna, zan dawo kan bincike," na ga irinta da yawa. Kuɗin makarantar yara ya zo, aikin asibitin kuɗi na yamma ya zo, shekara goma ta wuce, littafin nan ya ɓace. Mutanen kirki ne, sun ceci rayuka masu yawa. Sai dai in kin zauna da su, za ki ji wata tambaya da har yau take musu ƙaiƙayi.

Ki nemi malami, 'yata. Matambayi ba ya ɓata. A 1981, a birnin Perth na Ostareliya, wani matashin likita, Barry Marshall, yana cikin horo kamar ke, yana neman abin da zai bincika. Aka haɗa shi da Robin Warren, likitan da ke duba tsokar jiki a madubin likita. Warren ya daɗe yana ganin wasu ƙwayoyin cuta masu lanƙwasa a tumbin mutane, ba wanda ya kula shi, don a lokacin kowa ya yarda damuwa da yawan asid ne ke kawo gyambon ciki. Ɗaya na ganin marasa lafiya, ɗaya na ganin abin da ke ƙarƙashin madubi. Suka yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a ɗakin gwaji tana ƙi, sai a 1982, da hutun Ista ya sa aka bar kwanukan gwajin fiye da kwanakin da aka saba, ta tsiro. A 2005 aka ba su lambar Nobel, shekara 24 bayan haɗuwarsu. Yau da maganin mako biyu ake warkar da olsar da a da har tiyata ake yi saboda ita. Da kowannensu ya tsaya shi kaɗai, da ba mu ji labarin ba.

In za ki zaɓi malami, kada tarin muƙamansa ya ɗauke miki hankali. Ki dubi ɗalibansa na baya. Sun gama? Sunayensu sun fito a gaba a rahotannin da suka yi wa wahala? Suna gaishe shi da sakin fuska? Ba laifi ki yi malamai biyu, ɗaya na asibiti, ɗaya na bincike. Kuma tun ranar farko, cikin ladabi, ku yi maganar sunan wa zai zo a ina in an zo bugawa. Kunyar minti biyar ta fi gabar shekara biyar.

Hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Ki dubi Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, likitar mata irinki. Tana cikin jagororin gwajin da ake kira E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000. Abin da aka gwada mai sauƙi ne. Wata leda ce mai awo da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, ta tara jinin da ya zuba a ga adadinsa, maimakon a kimanta da ido. Da an ga ya kai mizani, sai a yi duk matakan ceto tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Wa ya shimfiɗa ledar nan dare da rana? Ungozomomi da nas-nas. Don haka ki girmama su. Ki girmama ma'aikatan ɗakin gwaji da masu ajiye kati. Ki san sunayensu, ki tambayi iyalansu, ki ambace su in an zo godiya.

Maganar kuɗi kuma, ba zan ɓoye miki ba. Bincike ba ya cika aljihu da wuri. Za ki ga sa'o'inki da suka tafi Saudiyya ko Ingila sun gina gidaje ke kina cike takardun neman tallafi. Ki taya su murna da zuciya ɗaya, kowa da rabonsa. Ki nema a asusun bincike na TETFund, ki nema a gidauniyar Wellcome da cibiyar Fogarty ta Amurka. Za a ƙi ki, ba sau ɗaya ba. Manyan da kike gani ma an ƙi su. Ki karanta dalilin da aka bayar, ki gyara, ki sake aikawa, mai nema yana tare da samu. Ki guji mujallun da ke turo saƙo suna cewa ki biya su buga miki cikin mako guda. Ki guji "sa sunana in sa naki". Suna ƙara tsawon takardar neman ƙarin girma, amma masana na ganewa, in kuma suka gane, aikinki na gaske ma sai su dube shi da shakka. In abokan hulɗa daga waje suka zo, ki karɓe su hannu bibbiyu, akwai alheri a tare da su. Sai dai ki tabbata kina wurin tun ana tsara tambayar, kina wurin kuma in ana fassara sakamakon. Kada aikinki ya tsaya a ɗibar jini da aikawa.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wato amana. Matar da ke kwance a gabanki za ta ce, "Duk yadda kika ce, likita." Ta faɗa ne don ta yarda da ke, ko don tana tsoron in ta ƙi za a daina kula ta. Ke kuma kina buƙatar ta don cika adadin bincikenki. A nan ake gane likitar kirki. Ki zauna, ki yi mata bayani da Hausar da take ji. Ki ce mata wannan bincike ne. Ki ce mata in ta ƙi, ba abin da zai ragu daga kulawar da za a yi mata. In tana son ta shawarci maigidanta, ki ba ta lokaci.

Mutanen Kano ba su manta 1996 ba. A tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Amma yardar da ta zube ba ta kwasu da kuɗi ba. Da aka zo ƙin rigakafin shan-inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake bazuwa ta nakasa yara a nan da wasu ƙasashe. Tun 2007 Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya. Ki karanta shi, ki bi shi ko babu mai kallon ki. Haka kuma alƙaluma. In mutum arba'in kika samu, ki ce arba'in. In sakamako ya saɓa wa abin da kike fata, ki faɗe shi yadda ya zo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wata likita a wani gari za ta iya ba mace magani bisa abin da kika rubuta.

Sai gida. Ki zauna da maigidanki ki shimfiɗa masa hanyar nan duka, da shekarunta da tafiye-tafiyenta. Abin da aka sani tun farko ya fi sauƙin haƙuri. In an miƙo miki hannun taimako wajen yara, ki karɓa, ba gazawa ba ce. Shekarar da kika haihu, in ba ki buga ko layi ɗaya ba, ba ki yi asarar komai ba. Ki yi barci in kin sauko daga kol. Ki ci abinci a zaune. Ki tsare sallarki, ki je suna da biki da gaisuwar rasuwa gwargwadon iko. Lafiya uwar jiki ce, kin fi ni sani. Tafiyar doguwa ce. Wani likita, Brian Greenwood, ya yi shekara 10 a Zariya daga 1970 yana bincike kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, ya ƙara 15 a Gambiya, inda aikinsu ya nuna gidan sauro mai magani na rage mutuwar yara. Gidan sauron da ake raba wa mata a wurin awo yau, irin wannan haƙurin ne ya haife shi.

In kuma wata rana kika auna, kika ga zuciyarki ta fi natsuwa da asibiti kaɗai, ko da bincike kaɗai, ba abin kunya a ciki. Al'umma na buƙatar kowanne. Abin da ba na so shi ne tsoro ko maganar mutane su yanke miki hukunci tun ba ki gwada ba.

Saboda haka, 'yata, ki sa jarrabawarki ta kashi na ɗaya a gaba, ki ci ta. Ki cike fayilolinki da kyau. A makon nan ki sayi ɗan littafin nan, ki ware awa biyunki, ki je ki gaida malamin da kika yaba da halinsa, ki gaya masa abin da ke ranki. Matanmu na jiran likitocin da za su duba su, su kuma gano abin da ke cinsu, ina kuma fatan ki zama cikinsu. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa waraka a hannunki, Ya ba ki ilimi mai amfani. Ki gaida maigidan da yara.

Gwaggonki.